Fuskar da Ba Ta da Hanci

Hayin Dogo, Samaru, Zariya
14 ga Mayu, 2007

Zuwa ga aminiyata Clementina,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da jikoki da dukan mutanen Zonkwa. Yaya bayan nan naki, ya bar ki kina barci? Ruwa ya sauka wajenku? Mu nan sau biyu aka yi, na biyun ya kwashe mini kwano ɗaya na rufin kicin. Ni dai lafiya lau, in ban da gwiwar hagu da kunnen nan da kika sani, wanda shekara talatin da ɗaya na ƙarar tafireta a ofis suka cinye.

Wasiƙarki ta iso ta hannun ɗanki Martin. Kin tambayi labarin ɗana Japheth, kin kuma haɗa da tsiya, wai an ce miki an ga Rifkatu da furfurarta tana shiga kafe cikin 'yan makaranta. Wanda ya gaya miki bai yi ƙarya ba. Kowace Asabar ƙarfe huɗu na yamma ina can, a shagon wata 'yar Ibo mai suna Oby, kusa da babbar ƙofar jami'a. Kwamfuta ta huɗu ce tawa, ta jikin taga, kuma Oby ba ta barin kowa ya zauna a kanta in lokacina ya kusa. Kin san waya ba ta yi mini amfani. Tun da yaron nan ya tafi Ingila, shekara uku ke nan, in ya bugo sai in yi ta “me ka ce?” har katinsa ya ƙare. Shi ya sa ya buɗe mini wannan abin da suke kira mesinja. Sunansa yana gefe guda, in ya hau sai sunan ya yi haske, in buga masa magana, ya bugo mini amsa nan take. Yatsuna kuwa ba su manta aiki ba. 'Yan jami'an nan masu tsintar haruffa da yatsa biyu kamar kaji har juyowa suke yi suna kallona.

Clementina, ashe ban san ɗana ba sai yanzu. Kin tuna shi, magana sai an yi da gaske take fita daga bakinsa, halin marigayi ubansa Elias sak. Da muka fara hirar nan haka yake: lafiya, lafiya, sai an jima. Amma tun wajen Nuwamba yaron ya canza. Ba ya fara komai sai ya tambayi gwiwata. Ya san ranar da nake komawa asibiti, ya san sunayen matan Zumunta da ba ma shiri, yakan ma tuna mini da abin da na faɗa mako uku da suka wuce. Awa guda cur muke yi. Na ce a raina sanyin ƙasar Turawa ne ya koya masa darajar uwa, kuma na gode wa sanyin.

Ita kuwa madam ɗinsa Bukola tana nan. Ba na tambayarta, shi ma ya daina cusa mini ita. Ba don ita Bayarabiya ba ce, kada ki fara yi mini wa'azi. A Muchia aka haife ta, Hausar bakinta ta fi ta wasu 'ya'yanmu. Ni dai jinina ne bai haɗu da nata ba, ga shi shekara huɗu da aure shiru, ko ɓatan wata ban ji ba. Na gaya masa wannan a fili, ba sau ɗaya ba. Ba ya musu. Sai dai ya ce Mama mu ci gaba da addu'a, ya aiko mini da fuska mai murmushi.

To, fuskar nan ita ce abu ɗaya da ke ɓata mini rai a wurin. Kin tuna lokacin da Japheth yake ƙarami, in an tashi firamare ya zo ofishinmu ya hau cinyata, muna yin fuskar mutum a tafireta? Ɗigo biyu su ne idanu, ɗan gajeren layi hanci, baka kuma baki, kamar haka :-) sai ka karkata kai ka gan ta. Shi ya kafa doka wai fuskar da ba hanci ba ta babansa ba ce, don Elias, Allah ya ji ƙansa, hanci kam an ba shi ba rowa. Tun daga nan duk takardar da ya rubuto mini, daga makarantar kwana har bautar ƙasa, da ita yake rufewa. Ita ce sa hannunsa a wurina.

Amma na'urar nan ba ta da ladabi. Da zarar an buga alamar sai ta haɗiye ta, ta tofo wata ƙwallo ruwan ɗorawa mai washe haƙora. Irinta ce a allon yarinyar da ke kusa da ni tana hira da saurayinta, irinta ce a allon kowa. Asabar da ta wuce abin ya kai ni bango. Ina jera masa magungunan da likita ya rubuta mini, na ɗaya, na biyu, lamba da baka kamar yadda aka koya mana. Ina buga na takwas sai ga wata fuska da baƙin tabarau ta zauna a wurin, kamar ɗan daba. Ni da na yi shekara talatin da ɗaya ba a taɓa dawo mini da takarda don na canza wa mutum waƙafi ba, yau inji ne zai gyara mini aiki? Na kira Oby na ce a cire mini su duka. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce mutane don su ma suke zuwa, amma za ta duba mini.

Ki gai da maigida. Ki kuma gaya wa mai kai miki rahoto ya ƙara da cewa na fi shi sauri a kibod.

Taki har kullum,
Rifkatu Elias

Hayin Dogo, Samaru
11 ga Yuni, 2007

Clementina 'yar'uwata,

Ina gaishe ki cikin alherin Ubangiji, da fatan ku duka kuna lafiya, shuka kuma ta yi kyau. Ki yi haƙuri da wannan takarda, za ki ga kurakurai da ban saba yi ba.

Oby ta cire mini fuskokin. Ashe ba wani aiki ba ne. Ta shiga wurin saiti, ta gangara ƙasa, akwai wani ɗan akwati da aka yi wa maki, wai shi ke ba injin izinin mayar da alamomi hotuna. Ta cire makin, ta danna, shi ke nan. Ta ce mini, “Mama, daga yau abin da mutum ya buga da hannunsa shi za ki gani.” Har godiya na yi mata, Clementina. Har albarka na sa mata.

Ƙarfe huɗu sunan Japheth ya yi haske. Layin farko ya fito: Mama ina wuni, yaya gwiwa :) Na ɗauko tabarau na goge, na sake dubawa. Ɗigo biyu da baka. Babu hanci.

Na ce sauri ne, yatsa yakan tsallake. Na ci gaba da hira kamar ba komai, amma ina ƙirgawa. A cikin awa guda fuska goma sha ɗaya aka aiko mini, ko ɗaya ba ta da hanci. Da na koma gida ban ko cire ɗankwali ba na jawo akwatin da nake ajiye takardunsa. Wasiƙun makaranta, katin Kirsimeti, har 'yar takardar da ya bar mini a kan tebur ranar da zai tafi, duka da hanci. Mutum ba ya barin abin da hannunsa ya saba da shi shekara ashirin da biyar a rana ɗaya. Ke kin san wannan fiye da kowa. A ofis, in an kawo takarda ba suna, da kallo ɗaya muke sanin wace ce ta buga, ko da duk inji iri ɗaya ne. Ashe duk watannin nan ƙwallon nan ta rufe mini ido, don ko an sa hanci ko ba a sa ba, fuska ɗaya take tofowa.

Na ci alwashin gwada shi. Shekaranjiya Asabar, muna tsakiyar magana, na tambaye shi wane suna ya sa wa tsohuwar tafiretata yana yaro. Abin da Japheth zai amsa ko daga barci aka tashe shi. Akwai agogo a kusurwar allon mai ƙirga lokacin da ya rage maka, na zuba masa ido. Minti huɗu suka wuce kafin amsa ta zo: Goggo Surutu. Daidai ne. Sunan ke nan, kuma ba wanda ya san shi sai ni da shi da wanda ke kabari.

Amsar tasa ce, hannun ba nasa ba ne. Ke nan yana kusa, yana ji, yana magana, amma ba ya iya bugawa. Me zai hana saurayi mai shekara talatin da biyu taɓa kibod? Ko haɗari ya yi, ko injin wurin aiki ya taɓa masa hannu, ko kuwa ciwon nan da ya shanye wa Elias ɓarin jiki ne ya biyo jini. Suna ɓoye mini ne don sun san ina da hawan jini. Tun Nuwamba yaron nan yake kwance, shi ya sa ya yi laushi, shi ya sa yake tuna uwarsa. Ni kuwa ina nan ina yabon sanyi.

Ban tambaya ba. Na ji tsoron amsar. Na buga masa waya jiya bayan sujada, na ji murya kamar tasa daga nesa, amma kunnen nan bai kama ko kalma uku ba. Na fara azumin kwana uku yau. Ina roƙonki ki ɗauka tare da ni, ki kuma sa shi a addu'ar matan Zumuntarku, ba sai kin faɗi suna ba. Ki roƙa masa hannuwansa.

Taki cikin damuwa,
Rifkatu

Hayin Dogo, Samaru
2 ga Yuli, 2007

Clementina,

Ina gaishe ki da maigida da yara. Ina fata jiki da sauƙi. Na gode da wasiƙarki, na gode da azumin da kika yi. Ki ci abinci, 'yar'uwata, ki ci ki ƙoshi. Hannuwan Japheth lafiyarsu lau.

Da abin ya ishe ni sai na haɗiye girman kaina na hau bas zuwa Sabon Gari, wurin Maman Bukola. Kin san tun ranar biki ban taka rumfarta ba. In na shiga kasuwa ta layin 'yan kifi nake zagayawa, don kada in bi ta layin atamfa mu haɗa ido. Na tafi da niyyar in titsiye ta ta gaya mini abin da ya sami ɗana.

Matar nan tana hango ni ta watsar da ciniki, ta taso ta rungume ni, har da rusunawa, ita da ta girme ni. Ta share mini benci, ta aika a sayo lemo mai sanyi. Kafin in buɗe baki ta jawo ambulan daga ƙarƙashin tebur, wai hotunan da aka aiko mata da su watan jiya. Ga Japheth nan a wani lambu, ya yi ƙiba har wuya ya ninku, hannu ɗaya riƙe da cokalin gasa nama, ɗayan da kwalba. Na ƙirga yatsunsa kamar ranar da na haife shi. Goma cif.

Sannan ta kama hannuna ta fara godiya. Wai Allah ya saka mini da na karɓi 'yarta. Wai Bukola ta ce mata kada ta ƙara buga waya ranar Asabar da yamma, don lokacin na Maman Samaru ne, sai ta koma bugawa ranar Lahadi, kuma ba ta ji haushi ba ko kaɗan. Wai har canza ranar aiki yarinyar take yi a gidan kula da tsofaffin da take aiki, don kada hirarmu ta faɗi. Ta ɗauka na sani. Ni kuwa ina zaune da kwalba a hannu ina gyaɗa kai kamar na sani.

Ba ta tsaya nan ba. Ta rage murya ta ce ko lokacin ɓarin nan na biyu, a Fabrairu, ranar Juma'a aka sallamo Bukola daga asibiti, amma washegari sai da ta tashi ta zauna gaban kwamfuta don kada in jira. Ɓari na biyu, Clementina. Ban san da na farkon ba ma.

Ban san yadda na iso tasha ba. A cikin bas, daga Kwangila har Samaru, Fabrairu nake tunawa. Ina da kai mai riƙe abin da na buga, sana'ata ce. A watan ne na rubuta masa cewa ya kai matarsa a duba ta, don matsalar ba daga gidanmu take ba. A watan ne na ba shi labarin yarinyar nan ta Wusasa da na so ya aura, na ce ga ta can da 'ya'ya uku. Na ce uwa ba ta ganin abu ta yi shiru. Aka amsa mini, Mama mu ci gaba da addu'a, aka aiko da ƙwallo mai murmushi. Da ƙasa za ta tsage a Kwangila da na shige.

Asabar ta zo, na tafi kafe kamar mai zuwa kotu. Sunan ya yi haske, aka tambayi gwiwa. Na buga: Bukola, sannu da aiki. Akwai wani ɗan rubutu a ƙasan allo da ke nuna cewa na can yana bugawa. Sai ya fito, ya ɓace, ya sake fitowa. Daga ƙarshe ta rubuto: Mama, ki yi mini gafara.

Ta gaya mini komai, ba ta ƙara gishiri ba, har ƙoƙarin wanke Japheth take yi. Wai da farko ya ce ya gaji da aiki, ta zauna ta buga, shi yana faɗa daga kan kujera. Bayan mako biyu ya ce ai ta san abin da Mama take son ji, ta amsa kawai. Na matsa mata ta faɗa mini ainihin abin da ya ce, don na san akwai. Sai da ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta faɗa: wai hirar Mama ba ta ƙarewa, kuma kullum abu ɗaya ne, gwiwa da matan coci. Na tambaye ta ina yake a lokacin da muke hirar. Ta ce yana falo. Wani lokaci ƙwallo yake kallo, wani lokaci barci. Ranar Goggo Surutu sai da ta je ta tashe shi, shi ne minti huɗun. Taku nawa ne daga falo zuwa kwamfuta? Na tambaye ta wannan ma. Ta ce ɗaki ɗaya ne.

Ni na goya yaron nan na tafi da shi ofis. Ni na yi aikin bayan tashi ina buga wa ɗalibai kundin digiri har yatsuna suka kumbura, don ya yi karatun da ya kai shi inda yake. Awa ɗaya a mako na nema. Ya ɗauki uwarsa ya miƙa wa matarsa kamar wanki. Ina jin haushinsa, Clementina, haushin da ban taɓa sanin uwa tana iya ji ba, kuma ban roƙi Allah ya cire mini shi ba tukuna.

Na tambaye ta me ya sa ta jure zagin da nake mata wata bakwai ba ta tona ba. Ta ce da sunanta ba zan taɓa yi mata magana ba, da sunansa kuwa ta sami uwar miji, ko da rabi ne. Ta ce ta ji daɗin labarin matan Zumunta da gaske, ba don aiki ba. Sannan ta tambaye ni yadda na gane. Ni kuma, da bakina da ba ya riƙe abu, na gaya mata maganar hanci. Na so in ce ta yafe mini. Yatsun nan da suke buga kalma saba'in a minti suka tsaya a kan kibod har lokacina ya ƙare, allo ya rufe.

Kada ki rubuto mini cewa kin faɗa mini tun farko game da yarinyar. Na sani kin faɗa.

Taki,
Rifkatu

Hayin Dogo, Samaru
13 ga Agusta, 2007

Aminiyata Clementina,

Salama da alheri su kasance tare da ke da gidanki duka. Yaya bayan? Yaya jikokin da hutu, sun bar miki gida a tsaye? Na ga acca da citta da kika aiko ta hannun Martin, Allah ya ƙara buɗi. Na kuma ga ba ki ce kin faɗa mini ba, kin dai ja layi biyu a ƙarƙashin sunan Bukola da kika ce in gaishe ta. Na gane, ai tare muka yi aiki.

Kin tambaya yadda aka kwana. Asabar da ta biyo baya sunan Japheth ya yi haske, aka rubuto cewa shi ne da kansa. Ya ba da haƙuri layi biyu. Ya ce aiki ne ya yi masa yawa, ya ce ba ƙarya ba ce tunda shi da matarsa abu ɗaya ne, ya ce bai kamata in je ina tone-tone a kasuwa ba. Kowane layi da fuskarsa a ƙarshe, kowace fuska da hancinta. Na kalle su ban ji komai ba. Ai na riga na faɗi sirrin da bakina, yanzu ko wa ya zauna zai iya sa hanci. Alamar da na riƙe shekara ashirin da biyar ni na kashe ta.

Na buga wa Bukola wasiƙa a kan Goggo Surutu. Sau uku ina yagawa, ta huɗun na bi ta da biro na sa wa haruffa lanƙwasarsu ɗaya bayan ɗaya, kamar takardar da za ta je ofishin shugaba. Na roƙi gafararta da sunan kowace magana da na tuna, ban yi jimla ba. Na kai wa uwarta da kaina, ta layin atamfa na bi, ta ba wani mai tafiya. Amsa ta zo ta bakin uwar: ta yafe, ta ce ba komai. Amma ba za ta ƙara zama gaban kwamfuta don hira da ni ba. Japheth ya yi fushi da ita, wai ita ta yi sakaci aka gane, ta sa ya ji kunya a gaban uwarsa. Ya ce ta fita daga tsakaninmu. Kin ji wanda ya ji kunya.

Na sa Oby ta ƙara mini sunan Bukola, nata na kanta, a ƙarƙashin nasa. Mako biyar ke nan bai yi haske ba.

Shekaranjiya Oby ta zo ta tsaya a kaina. Ta ga na rame, kuma yarinyar tana da kirki. Ta ce ko ta mayar mini da fuskokin, tunda tun ranar da aka cire su ba ta ƙara jin dariyata ba. Ta ce dannawa ɗaya ne. Ta buɗe wurin, ga ɗan akwatin nan ba maki, ta ɗora hannuna a kan maus. Na daɗe ina kallonsa. Ba zan ɓoye miki ba, na so in danna. Lokacin da ƙwallayen nan suke washe mini haƙora ina da ɗa mai sanin ranar asibitina. Amma akwatin fuskoki kawai yake mayarwa. Na ce ta rufe, a bar shi yadda yake.

Kin ce a wasiƙarki ta yaya zan tabbata shi ne yake zama yanzu, tunda hanci ya daina aiki. Kada ki damu, ba na bukatar hanci. Shekaranjiya ya hau ƙarfe huɗu da minti ashirin. Ya ce lafiya, na ce lafiya. Ya ce ana ruwa, na ce ana yi. Na faɗa masa likita ya sa ranar ashirin da uku ga wata don a yi mini aiki a gwiwa. Ya ce to, Allah ya sawwaƙe, zai fita yanzu, sai mako mai zuwa :-) Sunan ya dushe. Minti tara muka yi, na duba agogon. Bai tambayi wane asibiti ba, bai tambayi wa zai zauna da ni ba. Ɗana ne, Clementina, ba ko shakka. Na samo shi.

Na zauna har sauran lokacin ya ƙare, ina kallon sunan da ke ƙarƙashin nasa. Sannan na miƙe na biya ta kemis na tafi gida.

In bayanki zai bari, ki zo kafin ashirin da uku. Maman Bukola ta ce za ta rufe rumfa ta yi jinyata, ban san da wane ido zan kalle ta tana ɗauke mini fo ba, amma ban ce a'a ba. Ki gai da maigida, ki shafa mini kan jikoki. Ubangiji ya tsare mu har mu ga juna.

Taki, wadda kika sani,
Rifkatu Elias